Set Setal: yadda samarin Dakar suka fara da tsintsiya suka ƙare da buroshin fenti

A wajajen 1990 duk wanda ya ratsa unguwannin talakawa na Dakar, babban birnin Senegal, irin su Medina da Fass da Colobane da Grand Dakar har can Pikine, zai tarar katangu sun cika da zane manya-manya, ga shehunnan ɗariƙa, ga sarakunan da, ga 'yan kokawa da 'yan ƙwallo, ga zaki da bishiyar kuka, can gefe kuma an zana wata uwa tana wanke wa ɗanta hannu an rubuta gargaɗi kan gudawa. Babu ma'aikatar da ta bada kwangilar wannan aiki. Samarin unguwa ne suka tashi da kansu, suka sa wa abun suna Set Setal, wato a tsabtatu a kuma tsabtace a yaren Wolof. Abun ya faro ne tun wajen 1988, ya yi ƙarfi sosai a 1990 zuwa 1991, sannan ya lafa.

Toh kafin a zo kan fenti sai an fara da shara, don ita ce mafarin komai. Senegal na cikin ƙasashen Afirka na farko-farko da suka shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da IMF, tun wajen 1980, irin wanda mu ma muka ɗanɗana zamanin Babangida. Gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, yaro ya gama jami'a ya dawo gida ya zauna yana shan shayi a majalisa daga safe har dare, kamfanin da aka ɗora wa kwashe shara ya kasa, bola ta yi tsiri a bakin kasuwanni, kwatoci sun toshe, damina na sauka ruwa ya kwanta a lungu sauro ya samu gida. Ana cikin wannan aka zo zaɓen 28 ga Fabrairu 1988, Abdou Diouf mai mulki da Abdoulaye Wade ɗan adawa mai taken Sopi, canji kenan. Wajen kamfe a garin Thies samari suka yi wa Diouf ihu da jifa, shi kuma cikin fushi ya kira su gurɓatattun matasa, kalmar da ba su taɓa mantawa ba. Aka ce Diouf ya ci da kashi 73 cikin ɗari, gari ya kama da wuta, aka ƙona motoci, aka sa dokar ta-ɓaci a Dakar, aka kama Wade. Ɗalibai suka shiga yajin karatu har aka soke shekarar karatun gaba ɗaya, kowa ya maimaita aji.

Bayan shekara guda kuma wanda ya fi wannan muni ya zo. A watan Afrilun 1989 rikicin makiyaya da manoma a Diawara, bakin kogin Senegal, ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin Senegal da Murtaniya, aka kashe baƙaƙen fata a Nouakchott, a Dakar kuma aka far wa 'yan Murtaniya waɗanda su ne ke riƙe da yawancin ƙananan shagunan unguwa, aka wawushe shagunan aka kashe mutane, sai da aka riƙa kwashe dubun dubatar jama'a ta jirgin sama kowa a maida shi ƙasarsa. Kuma fa samarin unguwa na cikin waɗanda suka yi wannan aika-aika, ba daga sama wasu suka faɗo ba. Shi yasa ni ban ɗauki Set Setal a matsayin labarin yaran kirki masu son tsafta kawai ba. Matasa ne da suka gwada zaɓe bai yi ba, suka gwada jifa bai yi ba, suka ga jini a titin unguwarsu, shugaban ƙasa kuma ya riga ya kira su gurɓatattu, sai suka juya kan abun da hannunsu zai iya kaiwa, wato layinsu. A daidai lokacin ne waƙar Youssou N'Dour mai suna Set ta cika gari, shi kansa haifaffen Medina ne, tana kira ga tsaftar jiki da ta zuciya, ta zama kamar taken aikin.

Abun da ya sa aikin ya yiwu cikin sauri shi ne tsarin da ke ƙasa tun tuni. Kowace unguwa a Dakar tana da ƙungiyar wasanni da al'adu da suke kira ASC, su ne ke shirya gasar ƙwallon damina ta unguwa-unguwa, navetan, lokacin dogon hutu. Ƙungiya ce mai shugaba da ma'aji da kalar riga da waƙoƙinta da 'yan matan da ke mata kiɗa da tafi, kuma akwai gasa mai zafi tsakaninsu, wani lokacin har da doke-doke. Toh wannan gasar ce ta koma kan tsafta da ado. In unguwar da kuke hamayya da ita a fili ta gyara mahaɗarta ta kafa wani abu a tsakiya, ai ku ma ba za ku kwana ba.

Ga yadda ake yi. A sa rana, galibi ƙarshen mako, a fito da tsintsiya da shebur da manjagara da baro, mata na shara maza na yashe kwata, a kwashe bolar da ta shekara a kusurwa, a zuba yashi mai kyau a wajen. Kuɗin fenti da siminti karo-karo ne, gida-gida, da 'yan kasuwar layin, da daren kiɗa da ake shiryawa a tara abun da aka tara, sannan akwai tare hanya, yara su tsaya a bakin titi da gwangwani duk motar da ta zo sai direba ya jefa 'yan silalla kafin ya wuce. Daga nan a shafa wa gindin bishiyoyi da duwatsun bakin titi farar ƙasa, a binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa rabi a waje a yi musu kore da rawaya da ja irin na tutar ƙasar, a tsakiyar mahaɗa a gina wani ɗan abun tunawa da siminti da kwalabe da ƙarafan da aka tsinto. Katanga ita ce ta ƙarshe.

Kuma a nan ne nake ganin hikimar take. Duk wanda ya taɓa yin aikin gayya a unguwa ya san share wuri ba shi ne wahala ba, hana mutane su dawo su sake zubawa shi ne aiki. Mu a nan abun da muka iya shi ne a ɗauki gawayi ko baƙin mai a rubuta ba a fitsari a nan, wani ya ƙara da tara naira dubu biyar, wani ma ya haɗa da Allah ya isa, kuma duk mun san a ƙarƙashin rubutun ake tsugunawa. Amma a ce ga fuskar shehun da kakanka ya yi wa mubaya'a tana kallonka daga bango, tsayinta ya fi naka, wa zai iya juye bokitin shara a gabanta? Ko da babu kowa a layin da tsakar dare ba za ka iya ba. Zanen ya zama maigadin wurin da aka share, ba albashi ba barci.

Su waye masu zanen? Kaɗan ne a cikinsu suka shiga makarantar koyon zane. Mafi yawa yaran unguwa ne da aka sani da iya hannu, masu rubuta allon shago da zana kawunan aski a ƙofar mai aski, da masu yi wa motocin haya ado, da ɗalibai da yajin karatu ya zaunar a gida. In kun taɓa ganin hoton motar hayar Dakar da ake kira car rapide, shuɗi da rawaya, an rubuta Alhamdulillahi a goshinta, an zana mata idanu biyu da doki da furanni da sunan Touba, garin ɗariƙar Muridiyya, ko Lamp Fall, laƙabin wani babban almajirin ɗariƙar, toh kun ga makarantar da da yawansu suka fito. Ɗaya makarantar kuma ita ce zanen gilashi da suke kira suwer, wanda ake zanawa ta bayan gilashi a juyo shi, sana'ar da ta bunƙasa tun farkon ƙarni na 20 lokacin da Turawan Faransa suka takura shigo da hotunan addini da ake bugawa a ƙasashen Larabawa, sai mutanen gari suka koma kwafarsu da hannu. A ɗakunan iyayensu waɗannan hotunan suke rataye, da su suka buɗe ido. Don haka da aka ba yaro katanga da gwangwanin fenti bai tsaya neman abun zanawa ba, abun da ke bangon ɗakin kakarsa ya fito da shi waje ya ƙara masa girma.

Babu hoton da aka fi maimaitawa kamar na Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya da garin Touba, an haife shi 1853 ya rasu 1927. Faransawa sun kai shi gudun hijirar dole Gabon daga 1895 zuwa 1902, suka sake kai shi Murtaniya, daga ƙarshe suka yi masa ɗaurin talala a Diourbel, kuma a can ne wajen 1913 aka ɗauke shi hoto, wanda a zamanin Set Setal shi kaɗai ne hotonsa da aka sani. Ku duba hoton da kyau in kun samu. Yana tsaye a gaban wani bangon katako cikin farar riga har ƙasa, farin mayafi ya rufe kansa ya zagayo ya rufe baki, rana ta yi tsaka sosai har idanun sun shige cikin inuwa, hannayen sun ɓace cikin hannun riga, ƙafa ɗaya ce ake gani sosai da takalmi, ɗayar inuwa ta haɗiye ta. Masu mulkin mallaka sun ɗauke shi ne don ajiyar bayanan wanda suke sa wa ido, amma muridai suka karɓe shi ya zama nasu, har inuwar da ɓoyayyun hannayen sai da aka yi musu fassara. Ga mai zanen bango kuma wannan hoto kyauta ce, domin kusan fari da baƙi ne zalla, ba ya cin kala da yawa, ko yaron da hannunsa bai gama nuna ba in ya fitar da farar rigar da mayafin da duhun idon, daga nesa kowa ya san wane ne. Wasu kuma su zana labarin da muridai ke bayarwa na sallar da ya yi a kan teku lokacin da aka hana shi yi a cikin jirgin ruwa, buzu shimfiɗe a kan ruwa, kifaye sun kewaye, Turawa na leƙe daga jirgi.

Unguwar da Tijjanawa suka fi yawa kuma sai ka ga Alhaji Malik Sy na Tivaouane da lemarsa a hannu, shi ma daga wani tsohon hoto aka ɗauko. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, duk wanda ya ga yadda hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha yake a bayan adaidaita sahu da gilashin tirela da bangon shago daga Kano har Damagaram da zangon Kumasi ya san irin wannan ƙauna, bambancin kawai mu sitika muke mannawa, su suka maida shi aikin katanga guda.

Ba shehunnai kaɗai ba. Akwai Lat Dior, sarkin Kayor da ya ƙi yarda a ratsa ƙasarsa da layin dogo daga Dakar zuwa Saint-Louis, aka kashe shi a fagen daga a 1886, kullum ana zana shi da dokinsa Malaw. Akwai Cheikh Anta Diop, masanin tarihin da ya sha takun saƙa da gwamnatin Senghor, shugaban Senegal na farko, ya rasu 1986 aka sa wa jami'ar Dakar sunansa. Mandela ya fito daga kurkuku a Fabrairun 1990, ana tsakiyar aikin, nan da nan ya hau bango, kusa da Bob Marley da Malcolm X, wani wajen ma har da 'yan katun na talabijin, duk a jere ba wanda ya ce wannan bai dace da wancan ba. Suka kuma bi tituna suna sauya musu suna, layin da hukuma ta sani da lamba ko sunan wani Bature sai a wayi gari an kafa allo da sunan wani dattijon unguwa ko malami ko ɗan ƙwallon da ya taɓa fitar da su kunya. Masanin tarihi Mamadou Diouf (ba shi da alaƙa da mulkin Abdou Diouf, suna ne ya zo ɗaya) ya yi nazarin wannan tun abun na da zafi, kuma abun da ya fahimta shi ne samarin suna sake rubuta tarihi ne daga unguwa, suna ture wanda gwamnati ta rubuta musu tun samun 'yanci. Na yarda da shi, musamman in aka tuna ita kanta Medina yadda aka kafa ta: a 1914 annoba ta ɓarke a Dakar, Turawa suka fake da tsafta suka ƙona gidajen baƙaƙe suka kore su daga tsakiyar gari zuwa can. Jikokin waɗanda aka kora da sunan ƙazanta ne suka ɗauki tsintsiyar.

Abun dariyar shi ne Senegal ba ƙasar da ta raina zane ba ce. Senghor ya kashe kuɗi sosai a kai, ya shirya bikin fasahar baƙar fata na duniya a 1966, ya gina gidan nune-nune, ya kafa masaƙar dardumar bango a Thies inda ake saƙa zanen manyan masu fasaha a rataye a ofisoshi da ofisoshin jakadanci. Sai dai wannan zane ne na masu kwat da Faransanci, mai sayar da kifi a Medina ba ta taɓa shiga ta gani ba. Da Senghor ya sauka kuɗi ya ƙare, a 1983 aka kori masu zane daga tsohon barikin da suka maida unguwar masu fasaha, gidan nune-nunen ma daga baya aka maida shi kotu. Ana rufe wancan ƙofar zane ya ɓullo a titi.

Mutum ɗaya da ya kamata a ambata da suna shi ne Pape Samb, wanda aka fi sani da Papisto Boy, duk da shi ya riga Set Setal fara zanen bango kuma ya ci gaba bayan ta mutu. Bai yi makarantar zane ba, muridi ne na gaske, yana zaune cikin talauci a yankin Bel-Air kusa da tashar jiragen ruwa, ya samu katangar wata masana'anta ya yi ta zana ta shekara da shekaru har ta doshi mita 200. Bamba ne jigon, amma a kewaye da shi akwai Martin Luther King da Che Guevara da Gandhi da Bob Marley da Mandela, fuska na shiga cikin fuska, ya goge wani ya ɗora wani in labarin duniya ya sauya, ma'aikatan da ke wucewa da safe su ne 'yan kallonsa. A 2003 aikinsa ya shiga wani babban nuni kan fasahar muridai a Los Angeles ta Amurka. Ya rasu a 2014.

Kar kuma a ɗauka komai lafiya lau ne. Tare hanya da gwangwani ba kullum yake zama roƙo ba, wani lokacin ƙwace ne da fara'a. Tsaftar da suke magana ta haɗa da ta ɗabi'a, cin hanci da shaye-shaye da karuwanci, kuma duk inda samari suka naɗa kansu alƙalan ɗabi'a an san mai rauni ne ke shan wahala, ba babban ɓarawon da ke ofis ba. Sannan ga maganar hukuncin zana mai rai, wadda malamai suka daɗe suna saɓani a kai, a Senegal ɗin ma akwai masu ƙyamar abun, sai dai rinjayen ɗariƙu ya sa bai zama rigima ba. A garuruwanmu kam na san da za a zana fuskar wani shehi a katangar layi sai an kwana ana musu a rediyo, ko da yake magina na Zariya da Damagaram sun daɗe da nuna ana iya ƙawata bango da dagi da zayyana, har da keke da agogo da takobi, ba tare da an zana fuskar kowa ba.

Yadda abun ya mutu ba wani abun mamaki ba ne. Fentin mai araha ne, ga rana ga iskar teku mai gishiri, damina biyu uku ya koɗe. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. Amma babban dalilin siyasa ce: magajin garin Dakar na lokacin, Mamadou Diop, ya ga ƙarfin da ke cikin samarin nan, sai aka tattara su cikin ƙananan ƙungiyoyin sana'a aka ba su aikin kwashe sharar birni da ɗan abun da bai taka kara ya karya ba, babu kayan kariya babu tabbas, jam'iyya mai mulki kuma ta samu hanyar raba aiki ga matasa ana gab da zaɓe. Wanda jiya yake share layinsu don kishin unguwa yau ya zama lebura mai jiran albashin da ba ya zuwa kan lokaci. Daga baya sun kafa ƙungiyar ƙwadago, kuma a 2007 da suka shiga yajin aiki mutanen unguwanni suka mara musu baya ta hanyar juye shara a manyan tituna da gangan.

Shi kuwa Wade da samarin 1988 suka sha hayaƙi mai sa hawaye dominsa, ya hau mulki a 2000, kuma abun da ya bari na ado shi ne ƙaton mutum-mutumin tagulla mai tsayin mita 49 a kan tudun Ouakam, wanda wani kamfanin Koriya ta Arewa ya ƙera kan kuɗi wajen dala miliyan 27, aka buɗe a 2010, limamai suka yi ta suka, shi kuma ya ce kashi 35 na kuɗin shiga nasa ne tunda shi ya kawo tunanin. Wallahi duk sanda na haɗa wannan da yaran da ke tara silalla a gwangwani sai abun ya ban haushi.

Zanen bango dai bai bar Dakar ba. Docta, ɗaya daga cikin tsofaffin masu feshin fenti na birnin, ya fara bikin zanen bango mai suna Festigraff a 2010, a Medina kuma Mamadou Boye Diallo da ƙungiyarsa Yataal Art suna gayyato masu zane na gida da na waje su yi aiki a jikin tsofaffin gidaje bayan an nemi izinin masu gidan, har unguwar ta zama wajen da baƙi ke zuwa kallo. Lokacin korona a 2020 'yan ƙungiyar masu feshin fenti ta RBS Crew sun zana yadda ake wanke hannu da yin atishawa a gwiwar hannu a katangun jami'a. Hannun waɗannan ya fi na yaran 1990 ƙwarewa nesa ba kusa ba, fentinsu ma ya fi kyau, illa dai yanzu sau da yawa akwai mai ɗaukar nauyi, wata ƙungiyar agaji ko ofishin jakadanci ko kamfani, kuma mai biyan kuɗin fenti yana da ta cewa kan abun da za a zana. Ita ma sharar ta koma hannun hukuma, a Yunin 2024 gwamnatin Bassirou Diomaye Faye ta ware Asabar ɗin farkon wata don tsaftace ƙasa, shugaban da ministoci su fito da shebur a gaban kyamara, kusan irin tsaftar muhallin da Buhari da Idiagbon suka kawo mana a tsakiyar shekarun 1980 wadda har yau a Kano ake tsare hanya dominta ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, mutane na kwance a gida suna duba agogo ƙarfe goma ta yi a buɗe titi.